Akwai Mai Fita?

Ranar da abin ya faru hulata a juye na sa, na gaida mai shara na dawo na sake gaida ta a inda na bar ta, na kuma ce wa Babbar Sista ta yi kyau, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haɗa mu aiki. Duk da haka ba wanda ya gane komai. Mutanen asibiti ke nan. Su hango tsakuwa a can cikin cikin mutum, amma su kasa ganin abin da ke fuskar abokiyar aikinsu.

Bari in fara da ɗakin, don in ba ku san shi ba ba za ku gane haukan da na yi ba. A ƙarshen barandarmu, bayan ɗakin tiyata, akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin haske. A nan ake ciro tsakuwar da ta toshe hanyar maɗaciya ba tare da an yanka mutum ba. Sai a sa majiyyaci barci, a kwantar da shi rub da ciki, Likita ya zura masa wani dogon baƙin tiyo mai kyamara ta baki har cikin hanji. To kyamarar iyakarta bakin hanyar, daga nan ba ta ganin komai. Sai na'urar haske ta karɓa. Wata ƙatuwar aba ce mai lanƙwasa kamar lauje, baki ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya a sama. Irin hasken da ake hoton ƙashi da shi take harbawa, sai dai nata hoton yana motsi a talabijin. Mai kula da ita shi ne mijina. Kowa Mai Hoto yake ce masa, ni ma a wurin aiki haka nake ce masa. Ni kuwa aikina waya. Siririyar waya ce da ake turawa ta cikin tiyon, Likita ya ce tura in tura, ya ce ja in ja, ya ce rini in matsa sirinji, ruwan ya shiga ya fito da hanyar baƙa ƙirin a talabijin.

Hasken nan ba a ganinsa, ba a jinsa a jiki, amma ba a wasa da shi. Shi ya sa kowa yake sa rigar dalma, rigar da in ka wuni da ita sai ka ji kamar ka wuni da goyon ƙaton yaro. Kuma dokar ɗakinmu ita ce mai juna biyu ba ta tsayawa a ciki in za a kunna, sai a mai da ta wani sashen har ta sauka.

To amma wace mace ce za ta buɗe baki a gaban maza abokan aiki ta ce ina da ciki? Babu. Sai Mai Hoto ya ƙirƙiro tasa dabarar. Kafin ya ɗora ƙafa a kan fedar kunna na'ura, sai ya ɗaga kai ya kalli rufi, kamar da fanka yake magana, ya ce, "Akwai mai fita?" Wadda ta san halin da take ciki sai ta cire riga, ta rataye, ta fita abinta. Ba wanda zai ce uffan. Sai dai Sarkin Barci, mai ba da allurar barci, wanda Allah bai halicce shi da iya yin shiru ba, ya yi wani ɗan tari na iskanci a cikin takunkuminsa.

Na ga masu fita, wallahi na gan su. A kawo mini yarinya sabuwar nas, in koya mata riƙe waya, hannunta ya fara faɗawa, kafin shekara ta zagayo sai ka ji an ɓalle riga. In je suna da 'yar kyautata, in dawo in sa dalmata. Wadda na fara koya wa aikin, ɗanta yanzu ya fi ni tsawo. Ni ce ba na fita. Har aka laƙaba mini Sista Dalma, kuma rigata ta ɗauki siffar kafaɗuna, in an rataye ta sai ka rantse ina ciki.

Tambayar kuwa ni an daina yi mini ita. Wata rana ce can baya, ni kaɗai ce mace a ɗakin, Mai Hoto ya kalli rufi ya yi tambayarsa, Sarkin Barci ya shafa tumbinsa ya ce, "Sai dai ko ni." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma hawaye ya gangara cikin takunkumina, kuma mijina ya gani. Daga ranar in dai ni kaɗai ce mace, sai ya ce, "Bismillah, mu je," ya taka fedarsa. Bai ce mini ya daina ba, ban ce masa na lura ba. Kuma gaskiya na ji daɗin hakan.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne allon. Wani allon dalma ne mai taya, tsayinsa zuwa ƙirjina, tayarsa ɗaya tana kuka kamar ɓera. Kullum Allah sai mutumin nan ya turo shi ya dasa tsakanina da gadon. Ya bugi gwiwata, ya hana ni matsawa, sai da miƙa hannu ta sama nake aiki. Ga riga a jikina, me allo zai ƙara? Har wani ƙarin baji mai auna haske ya sa nake maƙalawa a ƙugu ta ƙarƙashin riga, bayan na wuya da kowa ke sawa. Mun yi faɗa a kan allon nan a mota, mun yi a kicin, mun yi a gaban baƙi. Shi dai amsarsa ɗaya, "Haka nake aikina."

Yanzu ranar. Da safe na shiga ɗakin wanke kayan aiki, warin ruwan da muke jiƙa tiyo a ciki ya bugi hancina. Warin da na shekara da shekaru ina shaƙa, har ina cin burodi a gefensa. Sai ga ni a guje zuwa bayi. Da na wanke fuska na tsaya ina lissafin kwanakin al'adata a raina, na ce kai, ke dai ba kya gajiya. Amma akwai wani ɗan tsinken gwajin ciki da ya daɗe a ƙasan lokar da nake ajiye kayana, ya kusa lalacewa. Na ce bari in yi amfani da shi kafin a zubar, ko ba komai na rage shara.

Layi biyu.

Na ɗaga shi sama wajen fitila. Na juya shi. Na goge tabarau na sake dubawa. Ni da na san layi ɗaya kamar yadda na san tafin hannuna, yau ga wani ya zo ya tsaya a gefensa, ja wur, ko kunya babu. Sai dariya ta kama ni. Ba kuka ba, dariya, irin wadda ke fitowa ta hanci. Na toshe baki da hulata ina ta girgiza, har mai shara ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Sista, lafiya?" Na ce mata lafiya lau, wani abu na tuna. Na fito na gaida ta, na je ƙarshen baranda na dawo na sake gaida ta. Ƙafafuna ba sa jin ƙasa. Farin ciki nake yi, irin wanda ya yi wa jikina yawa, ban san inda zan ajiye shi ba.

Sai a gaban allon jerin aiki na dawo hayyacina. Muna da majiyyaci a ɗakin haske da safen nan, kuma sunana ne a kai, kamar kullum.

Abu biyu na sani. Ba zan tsaya a gaban hasken nan ba ko da sama da ƙasa za su haɗe. Kuma ba wanda zai ji labarin nan kafin mijina. Tare muka jira, tare muka sha tambayoyin dangi, ba zai tsinci zancen a bakin 'yan baranda ba. Na ma daɗe da tsara yadda zan gaya masa in ranar ta zo: a gida, yana zaune, ba komai a hannunsa. Don shi mutum ne da in ya ji labari sai ya saki abin da yake riƙe da shi. Ranar da aka ce ƙanwarsa ta haihu, tukunyar shayi ce ta tafi.

Na nufi ofishin Babbar Sista. Mace ce mai jiki, mai murya, ta daɗe da barin tsayuwa ta koma kujera. Na ce, "Anti, yau fa kin yi kyau."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Me kika fasa?"

"Ban fasa komai ba. Bayana ne ke ciwo, ina son a canza ni yau."

"Bayanki tun zuwana yake ciwo, bai taɓa hana ki aiki ba. Da wa zan canza ki? Ɗaya tana jego, ɗaya ta fita watan jiya. Ke kaɗai gare ni, Dalma. Kuma mai ciwon baya ba ta washe baki haka. Gyara hularki."

Na buɗe baki zan faɗa mata, na tuna wace ce. Babbar Sista mutuniyar kirki ce, amma in ta ji magana da safe, kafin azahar mai sayar da kati a bakin ƙofa ya ji. Na haɗiye, na fita ina dariyar da ban san dalilinta ba.

To bari in ja mijina gefe kawai, tsarin gida ya sha ruwa. Na same shi a ɗakin haske a durƙushe yana duba igiyoyin na'ura, Sarkin Barci a tsaye a kansa yana ba shi labarin ƙwallo.

"Mai Hoto, ina son magana da kai."

Bai ɗago ba. "In dai allon ne, ba zan cire ba."

"Ba allon ba ne, bawan Allah. Taso."

"To faɗi, ina ji."

Sarkin Barci ya gyara tsayuwa, ya ce, "Faɗi, Yaya, ai duk gida ne." Na ji kamar in ɗura masa allurarsa. Kafin in sami abin cewa aka banko ƙofa da gadon majiyyaci.

Tsoho ne mai aski. Idanunsa sun yi ruwan ɗorawa saboda ciwon shawara, ya sosa jikinsa har ya yi sawu, ga zazzaɓi ya fara hawa. Irin wanda ba a ɗaga aikinsa zuwa gobe. Amma bakinsa garau. Ya dubi ƙeyar Mai Hoto ya ce, "Yaro, wa ya yi maka wannan aika-aika? In na tashi ka zo shagona." Sannan ya juyo gare ni. "'Yata, kowa a nan ya ɗaure fuska, ke kaɗai kike ta fara'a. Ko kin san wani abu da ban sani ba?"

"Na sani, Baba. Za ka warke."

"To Allah ya sa. Amma wannan murmushin ba nawa ba ne."

Tsohon da ya fi kowa ciwo a ɗakin, shi kaɗai ya gani.

Na sa rigata. Lissafina shi ne farkon aikin duk na kyamara ne, ba a kunna haske sai an kai bakin hanya, don haka ina da ɗan lokaci in samo dabara. Sarkin Barci ya yi aikinsa, Baba ya tafi yana tsakiyar bayanin yadda ake gyaran saje. Muka juya shi, na sa masa robar baki. Likita ya shigo, gajeren dattijo marar yawan magana, wanda in ya ce maka "to" ka ɗauka ya yi maka jawabi. Ya karɓi tiyo ya fara zurawa. Ni ina tsaye da waya a hannu, ina kallon cikin Baba a talabijin, jajir yana sheƙi, ina cewa a raina, ni ma fa akwai wani a nawa. Dariya ta taso, na mai da ta tari. Dabara kuwa ko ɗaya ba ta zo ba.

"Mun iso," in ji Likita. "Waya."

Na miƙa masa bakinta ya zura.

"Mai Hoto."

Sai na ji kukan ɓeran nan. Allo ya taho, ya bugi gwiwata daidai inda ya saba. Mijina ya koma wurinsa, ya kama hannun na'ura, ya ce, "Bismillah, mu je." Na ga ƙafarsa ta tashi.

"Ba ka yi tambayar ba."

Ƙafar ta tsaya a sama. Ya dube ni. Takunkumi ya rufe masa rabin fuska, idanun kaɗai nake gani.

"Wace tambaya?"

"Wadda kake yi wa matan mutane."

Idanun suka canza. Ya ɗauka faɗa nake nema, ya ɗauka tsohon ciwon ne ya motsa, kuma a gaban jama'a. Ya yi ƙasa da murya. "Sista, don Allah ba yanzu ba."

"Yanzu."

"Rigimar gida a gida," in ji Likita, idonsa a kan talabijin.

"Likita, ka yi haƙuri, wallahi ba zan tura wayar nan ba sai ya yi."

Sarkin Barci ya leƙo ta bayan na'urarsa. "Malam, yi mata mana. Tsohon nan ba kwana ya zo yi ba."

Mijina ya sauke ƙafarsa a ƙasa, nesa da feda. Ya ɗaga kai ya kalli rufi. Da wata murya ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka sa dole ya karanta abin da ba ya so, ya ce, "Akwai mai fita?"

Na ɗora wayar a kan tire, na daidaita ta yadda ba za ta zame ba. Na cire safar hannu. Na kai hannu kafaɗa na ɓalle maɗaurin rigar. Ku da ba ku san shi ba, maɗauri ne mai ƙara, in an ja shi sai ya ce ɓarrr, duk ɗakin ya ji. Sau nawa na ji ƙarar nan daga kafaɗar wata. Ashe daga taka kafaɗar ta fi daɗi. Na ɓalle na ƙugu shi ma, a hankali, don in ƙara ji. Na kewaye allon, na je na rataye rigar a ƙugiyarta, na nufi ƙofa ina tafiya kamar amarya, ga hula a karkace.

Ba wanda ya yi motsi. Tarin Sarkin Barci ma bai zo ba. Sai na ji wani abu ya faɗi ƙasa ya tarwatse a bayana. Na waiga. Tabaran dalma ne da Mai Hoto ke kare idonsa da shi, ban san lokacin da ya cire shi ba. Shi kuwa yana tsaye, hannu a buɗe, yana kallona.

"Likita," in ji Sarkin Barci, "ina da sauran iskar shaƙa, ko in sa wa wannan?"

"A kira Babbar Sista," in ji Likita. Sannan ya ƙara, "To." Amma na ga gefen idonsa ya tattare.

Ni na kira ta da kaina. Ta taho tana faɗa tun daga nesa, wane irin sakarci ne wannan, ana tsakiyar aiki. Ta iso ta gan ni a bakin ƙofa ba riga. Ta leƙa ta ga rigar a rataye. Ta sake dubana daga sama har ƙasa. Sai ta ɗaka mini duka a kafaɗa.

"Ciwon baya ko? Ja'ira."

Ta rungume ni har na daina numfashi, ta sake ni, ta share ido da bayan hannu, ta ce a ba ta riga. Nan aka sha kallo. Duk rigunan ɗakin ba wadda ta haɗe mata ta baya. Sai da muka sa mata biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, na naɗe ta da filasta kamar kayan da za a aika tasha. Ta shiga tana tafiya da ƙyar tana cewa rabonta da waya tun ina ɗaliba.

Ni kuma na shiga ɗan ɗakin da ke gefe, mai tagar gilashin dalma, inda haske ba ya kaiwa. Akwai lasifika da ake magana da na ciki. Na danna na ce, "Anti, riƙe ta da yatsu biyu, kada ki damƙe. In ya ce tura, kaɗan-kaɗan."

"Na iya kafin a haife ki," ta ce. Ta kai gwiwa ta ture allon gefe. "Wannan kuma wane tarkace ne?" Na jira in ji Mai Hoto ya ce haka yake aikinsa. Ko kallon allon bai yi ba. Oho, wato ni kaɗai aka raina.

"Haske," in ji Likita.

Hoto ya fito a talabijin. Likita ya dube shi, ya dubi mijina. "Wannan haƙarƙarin Baba ne. Lafiyarsu ƙalau. Hanta nake nema."

Mutumin da ake kira daga wasu asibitoci ya koya wa mutane saita na'ura, yau ya kasa gano hanta. Ya ɗaga ƙafa da sauri, ya gyara, amma kansa sai juyowa yake wajen taga. Na danna lasifika. "Mai Hoto, talabijin ɗin yana gabanka. Ni ba inda za ni." Sarkin Barci ya sunkuya yana duba abin da bai ɓace ba, kafaɗunsa na rawa. Mijina ya ja dogon numfashi, ya goge hannu a riga, ya kama na'urar da kyau. Daga nan ya dawo mutumin da na sani, ya taka kaɗan ya ɗaga, ba ya barin hasken ya wuce buƙata.

Wayar ta shiga, na gan ta a hoto siririya tana hawa. Na ce, "Rini yanzu, Anti, a hankali." Hanyar ta cika ta yi baƙi, sai ga tsakuwar a tsakiya, wani farin gurbi kamar ƙwayar wake, ta zauna daram ta hana komai wucewa. Likita ya faɗaɗa bakin hanyar, aka tura 'yar balan-balan ta wuce tsakuwar, Babbar Sista ta hura ta da sirinji, aka fara janyowa.

A nan ne dariyar ta ƙare mini. Ban taɓa kallon ɗakin daga waje ba. Ga fitilar gargaɗi tana kunnuwa duk sanda ya taka, ga Babbar Sista a tsaye daidai inda nake tsayawa, dab da gado. Jiya a nan nake. Shekaranjiya ma. Makon jiya mun yi wani aiki mai wuya da ya ci rabin wuni. Duk wannan da ɗan mutum a jikina ban sani ba. Na san riga tana karewa, ni nake koya wa yara hakan. Amma sani daban, naka daban. Tsoro ya kama ni sosai.

"Ga ta," in ji Likita.

A talabijin na kyamara tsakuwar ta faɗo cikin hanji, ruwan maɗaciyar da ya taru ya biyo ta a guje. Babbar Sista ta ce alhamdulillahi, a zo a kwance ta kafin ta narke. Aka zare tiyo, aka juya Baba. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ga Mai Hoto a kansa, ya ce, "Har yanzu ba ka gyara ƙeyar nan ba," ya koma barci.

Da aka fita da shi sauran suka bi gadon, har da Sarkin Barci, wanda sai da Babbar Sista ta ja shi ta hannun riga. Mijina ya shigo ɗan ɗakin da rigar dalmarsa a jiki. Ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Da gaske?" ya ce.

Na ciro tsinken daga aljihu na nuna masa. Ya miƙo hannu, na janye. "A'a. Kai da sakin abu. Kalla daga nan."

Ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Sai ya zauna a ƙasa, a nan kan tayil, rigar ta tokare masa haɓa, yana dariya hawaye na zuba. Ni ma na so in bi shi, amma tsoron nan ya hana ni.

"Ina jin tsoro," na ce. "Makonnin nan duk a ciki na yi su. Jiya ma ina gaban gadon."

Ya goge fuska. "Kina bayan allo."

"Bar zancen allon nan, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Riga, ga allo a kanta. Bajin ƙugunki kuma duk wata ni nake zuwa karɓo sakamakonsa da kaina, bai taɓa nuna komai ba. Za mu je wajen likitar mata yau ɗin nan ta ƙara gaya miki, amma ni na sani."

Na dubi allon ta cikin gilashi, yana can gefe inda Babbar Sista ta ture shi.

"Ita ba ka tura mata ba," na ce.

"Ita jikokinta nawa."

"To ni tun yaushe kake..."

"Tun ranar da na daina tambaya." Ya kalli rufi, yadda ya saba. "Ba zan iya ci gaba da tambayarki ba. Kuma ban iya cire rai ba. Sai na ce to, kullum zan ɗauka yau akwai."

Na zauna a ƙasan kusa da shi. Shekarun nan duka, duk safiya, mutumin nan yana turo allo yana kare yaron da bai zo ba, ni kuma ina zaginsa a kan gwiwata. Na kifa kai a kafaɗarsa, dalmar ta yi tauri, ta yi sanyi, ban ɗaga ba.

Can na ce, "Da ka sa wa tayar mai."

"Na bar ta ne da gangan," ya ce. "In na ji kukanta na san yana wurinsa."